Kakannin da Na Cire daga Rahoto

Ke Maryamu, ke kika jawo wannan babin. Ran da kika zo hutu kina fama da takardunki na binciken lafiya, na ji kin ce wa ƙanenki abin da aka gwada bai yi ba ba a sa shi a rahoto, don ba mai karantawa. Na ajiye tsintsiya na shige ɗaki, kuka yi ta dariya kuna cewa Mama ta fara rigimar tsufa. Ba tsufa ba ne. Maganar nan da bakina na taɓa yin irinta, kuma akwai wani ɗan ƙaramin kabari a ƙauye kusa da Kanan-Bakashe da ya san haka. Kun tashi kuna ganin takardar yabo ta gwamnati a ƙasan akwatina, ban taɓa rataye ta a bango ba. Kun tashi kuna jin dangi na cewa uwarku ta rasa aikin albashi saboda zafin kai. Zafin kai ina da shi, ban musa ba, babanku ma ya sha, amma ba shi ya fitar da ni daga biro, wato ofishin da nake aiki, ba. To ku natsu ku ji, kada in mutu ku ci gaba da ba jikokina labarin da ba haka yake ba.

Lokacin fari ne, sojoji ke riƙe da ƙasa. Damina ta yaudare mu, gero ya fito ya kai gwiwa, ya tsaya, ya ƙone a tsaye. Ina Tasawa, ban daɗe da auren babanku ba. Karatu na fara shi a majami'a wajen matar fasto, na ƙara da lakwal, wato makarantar boko, har na iya Faransanci da buga takarda a mashin. Shi ya sa aka haɗa ni da wani likita mai bincike da aka turo daga Yamai, Likita Hamani. Mutumin yamma ne, Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa da cinikin goro ba. An turo shi ya gano hanyar da za a ceci yaran da aka yaye, don su yunwa ke fara ɗauka. Ni kuma in yi masa tafinta wajen mata, in rubuta abin da ya faru a kaye, wato littafin rubutu. Ranar farko ya miƙo mani kaye da alƙalamin bik, ya ce:

"Madam Rahila, komai ki rubuta. Har abin da ya ba mu kunya, shi ma ki rubuta."

Na riƙe maganar nan, kuma na rubuta. Kaye uku na cika. Ku tuna da wannan, don kada ku ce ba mu sani ba ne. Mun sani sarai.

Ƙauyen da muka zaɓa zan kira shi Tudun Aduwa, gabas da Tasawa. Muka haɗa garin kunu na dawar taimako da ƙuli-ƙuli da ɗan mai, muka raba wa uwaye, kowace da katinta, muka koya masu yadda za su dama wa yaro a gida. Bayan ƴan makonni muka rataye kilo a reshen aduwa muka auna yara. Ko ɗaya bai ƙaru ba. Likita ya yi ta huci yana cewa matan ba su gane darasi ba. Ni na shiga gidajen na gani da idona. Sun gane, ba su da abin yi ne. Gida guda mutum goma, tun jiya ba a ɗora tukunya ba, wace mace ce za ta dama kunun yaro ɗaya sauran na tsaye suna kallon ludayi? Garin ya shiga tukunyar gida, kowa ya lasa, ba wanda ya ƙoshi. Na rubuta haka. Sai muka sake shawara: ba za a ƙara fita da gari ba, a dafa wuri guda bakin rijiya, a sha a nan. Mai shela ya zaga gari ya kira uwaye. Suka zo kuwa, kowace da goyonta a baya, jarirai masu shan nono waɗanda da sauran ƙarfinsu. Waɗanda muke nema, masu kumburarrun ƙafafu da jan gashi, ba mu gan su ba sai ɗaiɗai. Kunu ya yi ta saura a tukunya cikin garin da ake binne yara.

Akwai wata tsohuwa, Kaka Hajo, ungozomar garin. Kullum tana zaune a gindin bango da sandarta tana kallonmu kamar masu wasan kasuwa. Rana ta huɗu ta ɗaga sanda ta kira ni.

"Ke ɗiyata, zo nan. Wannan mutumen naki likita ne ko mai awon gyaɗa?"

Na ce likita ne, Kaka, babba ma.

"To babban ya ɓata hanya. Kuna ta kiran uwaye, yaran da kuke nema ba su hannun uwaye. Yaron da aka yaye ɗakin kakarsa yake kwana, a hannunta yake ci. Ɗan fari kuwa, haba ɗiyata, sai na gaya maki? Wace uwa ce za ta saɓo ɗanta na fari ta ratsa gari da shi gaban surukai? Ko sunansa ba ta faɗi. Ke ba ɗiyar Hausawa ba ce, ko lakwal ta wanke maki kai?"

Kunya ta kama ni har ƙafa. Ni ce ɗiyar farin uwata. Har ta koma ga Ubangiji ba ta taɓa kiran sunana ba, sai "ke" ko "waccan". A gaban mutane ko kallona ba ta yi. Kakata ta yaye ni, ita ta goya ni. Kuma ban taɓa shakkar uwata na sona ba, don ta bayan ɗaki take turo mani ƙosai a ɓoye. Duk wannan na san shi kamar tafin hannuna, amma da na sa takalmi na shiga motar likita sai na bar shi a gida, kamar abin da bai dace da aikin masu ilimi ba.

Muka bi maganar tsohuwa. Aka mai da tukunya cikin gidanta, aka kira kakanni. Kai, ranar nan ba zan manta da ita ba. Tsofaffi suka dinga fitowa daga lunguna, wata da yaro a kafaɗa, wata tana jan biyu, yaran da ba mu taɓa sanin suna garin ba. Safe da la'asar ake damawa, a sha a wurin, ko cokali ba ya fita. Kakanni ke karɓa-karɓar itace da ruwa. Kaka Hajo ba ta iya karanta kati ba, amma ita ta karɓi haihuwar kowane yaro a garin, in ɗaya bai zo ba sai ta dogara sanda ta tafi har ɗakin ta yi masu tas. Kafin wata biyu yara suka fara rigima da guje-guje. Likita Hamani ya tsaya yana kallon wani yaro na kokawa da akuya, na ga ya juya baya yana goge tabarau. Ba mugun mutum ba ne, kada ku ɗauke shi haka. Da mugu ne da labarin ya fi mani sauƙi.

Sai lokacin rahoto ya zo. A zamanin nan duk takardar da za ta bar Tasawa sai ta bi ta teburin kumandan, mai mulkin yankin, kuma sojoji ba su wasa da maganar abincin taimako. Wanda aka ce ya karkatar da ko tiya guda, sai ya kwana a kaso. Likita ya zauna da kayena uku a gabansa, ya daɗe yana juya shafi, sannan ya ce gwajin farko ba zai shiga ba. In aka rubuta garin yara ya shiga tukunyar gida, gobe mota za ta je Tudun Aduwa ta kwashi mai gari da magidanta. Na ce gaskiya ne. Gwaji na biyu kuma ya ce:

"Yamai hanya suke so, ba tarihi ba. Abin da bai yi ba, wa zai karanta?"

Nan ma na gyaɗa kai. Amma maganar kakanni ya bar ta. Da hannunsa ya rubuta shafi ɗaya da rabi a kan yaye da kunyar ɗan fari, har da sunan Kaka Hajo, ya ba ni in buga. Ya Allah, da na buga kawai na yi shiru! Na karanta shi cikin Faransanci, sai na ji kamar an tuɓe mu a kasuwa. Na tuna rahoton zai wuce Yamai ya tafi har ƙasashen waje. Na ga wasu can a zaune suna karantawa suna girgiza kai, suna cewa ka ji mutanen da uwa ke ƙin kallon ɗanta. Kuma in faɗi gaskiya duka, tunda na fara: raina bai so a rubuta cewa tsohuwar da ba ta san ko baƙi ɗaya ba ita ta gyara mana aiki. Na ɗauki shafin na koma wajensa.

"Likita, wannan ba sai mun sa ba. Za a yi mana dariya, a ce matanmu ba su son ƴaƴansu."

"To me za mu rubuta?"

"Mu ce an tara uwaye. Ya fi sauƙin ganewa."

Ya dube ni ya ce, ke ce ƴar ƙasar, ke kika san mutanenki. Direba na jira a waje, likita ya gaji, ya ɗaga kafaɗa. Na koma mashin na buga rahoto mai tsabta: an tara uwaye, an koya masu, an ba yara kunu mai gina jiki, yara sun farfaɗo. Ba ƙaryar adadi a ciki, ko ɗaya. Abin da ya sa aikin ya yi ne kawai babu. Kaka Hajo ba ta ciki. Sunana ni yana ciki, a shafin godiya.

Rahoton ya yi farin jini. Aka ba da umurni a kai wannan hanya wasu garuruwa, har ɓangaren Mayahi. Innarku Lami, ƙanwata da ke bi na, tana aure a ƙauye kusa da Kanan-Bakashe. Ta sake haihuwa kusa-kusa, aka yaye ɗanta na fari tun bai yi ƙwari ba, aka kai shi ɗakin kakarsa ta wajen uba, tsohuwa Tabawa. Na san yaron ya rame, an aiko mani. Da na ji aikinmu ya isa garinsu sai na durƙusa na gode wa Allah. Babanku ya ce mu je mu dubo su lokacin Ista, na ce masa ba gaggawa, ai kununmu ya riga mu zuwa. Da bakin nan nawa na faɗa, ina murmushi, ina jin kaina wata tsiya.

Saƙon ya zo ta hannun wani mai kai kaya kasuwar Mayahi, da tsakar rana, ina cikin biro. Na hau babbar mota na tafi, na tarar an riga an binne. Lami na ɗaka da jaririnta, ba ta kuka a gaban mutane, don ɗan fari ne. Tsohuwa Tabawa ce ke kuka a madadin kowa. Ta riƙe hannuna ta ce:

"Ɗiyata, sau biyu na kai shi. A bayana na goya shi, da wannan ƙugun nawa. Suka ce in koma in turo uwarsa, takarda ta ce uwaye. Na ce uwarsa ba za ta iya ba, ɗan fari ne, suka ce to su ma ba za su iya ba."

Lami ta je, amma da jaririn ta je, shi aka rubuta mata a kati. Aka ba ta gari ta kawo gida. Sauran kun sani, na riga na gaya maku inda gari ke shiga a gidan da ake yunwa.

Ban zauna gaisuwa ba, na nufi likitar garin, wato ɗan asibitinsu, da ƙafa, ina tafe ina shirya zagin da zan yi. Na tarar da majo, wato babban ma'aikacin wurin, saurayi ne ramamme, idanunsa sun faɗa don gajiya. Na fara yi masa ruwan masifa, ya bari na gama, sannan ya jawo aljihun tebur ya fito da takardu.

"Madam, ga abin da aka aiko mani. Uwaye aka ce. Kati da sunan uwa. In na ba wadda ba uwa ba, soja su zo bincike, ni za a ɗaure."

Na ce to don me ba ku dafa a nan ba, kuka bar su suna tafiya da gari?

"Ba mu da itace, ruwa da nisa. Kuma ba inda aka ce kada a ba su su tafi da shi. Da an faɗa da ban yi ba."

Na karɓi takardun. Mashin ɗina na biro yana da wani harafi mai karyayyar ƙafa, kullum sai ya ɗan hau sama da layi. Ga shi nan a kowane shafi, yana kallona. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Majo ya kawo mani ruwa yana ba ni haƙuri, shi da na zo zagi. Na gaya masa komai da baki: garin da ya shiga tukunya, kunun da ya yi saura a bakin rijiya, Kaka Hajo da sandarta. Ya riƙe kai ya ce shi ma kakarsa ce ta yaye shi. Washegari ya sa mai shela ya kira kakanni, ya ce in an ɗaure shi a ɗaure. Garin nan guda na san an gyara. Sauran garuruwan da takardar ta je, ban sani ba, kuma har yau ba na son in yi lissafi.

Na koma Tasawa na sami Likita Hamani yana haɗa kaya, an yi masa ƙarin girma. Na gaya masa. Ya zauna a kan akwatinsa ya ce an riga an buga, an rarraba, ba a janye rahoto bayan manya sun yaba. Ya ce zai faɗa da baki in ya je Yamai. Wataƙila ya faɗa, ban ji ba. Ni dai na buɗe kayena na buga duk abin da muka cire, shafi bakwai, ban sa sunan gari ko na magidanci ba don kada a kama kowa, na kai biron kumandan da kaina. Na zauna a benci tun safe har la'asar. Magatakarda ya karɓa ya karanta a tsaye, ya ce, wato kina cewa rahoton da gwamnati ta amince da shi ba daidai ba ne? Na ce ina cewa bai cika ba. Ya ce duk ɗaya ne. Bayan mako biyu aka ce ba a bukatar aikina. A cikin watan nan kuma takardar yabo ta iso daga Yamai, da sunana da hatimi. Wanda ya kawo ta har cewa ya yi in yi masa tukuici. Tir!

Saboda haka Maryamu, ki ji ni da kyau. Wanda zai karanta rahotonki ba babban da ke Yamai ba ne. Wani majo ne a ƙarshen hanya, ba itace, ba ruwa, tsoro ya cika shi, ba shi da kowa sai takardarki. Abin da ba ki rubuta ba, a wajensa babu shi. In kin gwada abu ya ƙi, ki faɗi ya ƙi, ki faɗi dalili, don kada ya sake gwada shi a kan ɗan wani. In wata tsohuwa a gindin bango ce ta nuna maki hanya, ki sa ta da sunanta da abin da ta ce. In al'adar mutanenki ce ta sa aikin ya juya, ki rubuta ta tsaf, masu dariya su yi. Ni na guje wa dariyar mutanen da ban taɓa gani ba, kuma ba ni na biya ba.

Lami ban iya gaya mata ba sai bayan shekara, da aka samu damina aka yi girbi. Na same ta a bayan gida tana sheƙar gero. Na tsaya na faɗi komai, ban rage ba, har maganar da na yi wa likita. Ba ta daina sheƙa ba har na gama. Na so ta zage ni, na so ta jefe ni da ƙwarya, da na samu sauƙi. Sai ta ajiye ƙwaryar a hankali ta ce:

"Yaya, kullum in na fita da jaririn zuwa karɓar gari, ta ƙofar ɗakin tsohuwa nike bi. Yana zaune nan yana kallona. Ban taɓa tsayawa ba."

Na ce laifina ne, Lami, ba naki ba.

"Ban tambaye ki na wane ne ba. Kin ce ba a rubuta shi a kati ba?"

Na ce ba a rubuta ba.

"A takardarku ma babu shi?"

Na ce babu.

Ta dubi geron da ke gabanta, ta goge hannu a zane.

"To tunda hannunki ya iya cirewa, ya iya sawa. Iliya. Sunansa Iliya. Ki rubuta."

Ranar ce ta farko da na ji sunan ya fito daga bakin uwarsa, kuma ban ƙara ji ba. Na ce mata zan rubuta, amma duk lokacin da na ɗauki bik sai hannuna ya ƙi, har gashina ya yi fari, har ita ma ta tafi ba ta gani ba. Lami, na makara kamar yadda na saba. Ga shi nan: Iliya.